Ambulan Mai Gefe Ja Da Shuɗi: Kada Mu Bari Gara Ta Cinye

'Yan'uwa, wanda ya buɗe akwatin mahaifinsa ba zai rasa ambulan ɗin nan mai layi ja da shuɗi a gefe ba. Wannan zane ba ado kawai ba ne. Alama ce ga ma'aikacin gidan waya: da ya hango ta, ya san wasiƙar jirgin sama ce, ba ta jirgin ruwa ba. Rubutun "Par Avion" da ke jiki kuwa Faransanci ne, domin shi ne harshen ƙungiyar gidajen waya ta duniya da aka kafa a 1874.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma ɗauko wasiƙu daga Khartum zuwa Kano. Tun daga nan saƙon da kan shafe makonni a hanya ya koma 'yan kwanaki. Da irin wannan ambulan alhazai ke aiko labari daga Makka, 'yan'uwa daga zangon Kumasi, mu kuma muka riƙa aika gaisuwa Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957.

To, ina amfaninta yau? Ambulan shaida ce. Hatimin gidan waya yana ɗauke da gari da kwanan wata. In kan sarkin na sule da kwabo ne, an buga shi kafin zuwan naira a 1973. In an rubuta "Abuja" kafin 1976, to tsohuwar Abuja ake nufi, wato Suleja. In kuwa adireshin Garki ko Wuse ne kafin 12 ga Disamba 1991, ranar da gwamnati ta taso daga Legas, ka ga hujjar cewa iyayenka sun riga gwamnati zuwa.

Tun zuwan wayar hannu a 2001 muka daina rubutu. Ƙaura daga unguwa zuwa unguwa, da gara, da ruwan sama sun cinye mana da yawa.

Saboda haka kada mu ɓamɓare kan sarki, kada mu raba wasiƙa da ambulanta. A adana inda danshi ba ya kaiwa, a nuna wa yara. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.