Yadda Tsohon Gem Ya Ƙi Mutuwa a Baga Road

Da banda aka san Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke babban birnin jihar Borno: kifin Tafkin Chadi da ake ƙyafewa a Baga da Doron Baga, a danna a kwali, a loda wa manyan motoci zuwa Onitsha da Legas. Cinikin nan da Kudu bai taɓa tsayawa kan kifi kaɗai ba. Kayan lantarki na gwanjo ma suna haurowa daga kasuwar Alaba, kuma a cikinsu na'urar gem ta samu hanyar Arewa.

Nintendo ya fitar da Famicom a Japan a 1983, amma wadda ta iso hannun yaranmu a shekarun 1990 kwaikwayonta ce daga Taiwan da Sin, mai kaset ruwan ɗorawa, da Super Mario da harbin agwagwa. Sega ta biyo baya. Sai Sony ya kawo PlayStation a 1994, da PS2 a 2000, ƙwallon Winning Eleven ta mayar da gem sana'a. Talabijin biyu, benci da janareto sun isa a buɗe gidan gem, inda yaron da ya wuni yana dakon kwalin kifi zai biya kuɗin wasa ɗaya ya huce gajiya.

Daga nan masu gyara suka samo asali, domin ba don ƙasarmu aka ƙera na'urar ba. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230, wanda ya jona kai tsaye ya ƙona. Ƙurar hunturu na makantar da lens, idon da ke karanta faifai, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Yaran da suka koyi riƙe dalma a shagon gyaran rediyo su suka fara buɗe cikinta, suna liƙa ɗan cif da siraran wayoyi don ta karɓi faifan kwafi. Aiki ne mai son nutsuwa, hannu ya ɗan yi rawa allon ya tafi. Da Free McBoot ya fito a 2008, sannan Open PS2 Loader, sai aka huta da lens gaba ɗaya: a zuba manhaja a katin memori, wasa ya tashi daga filasha. Sony ya daina ƙera PS2 a farkon 2013, tun daga lokacin matacciyar na'ura ce ke ba da kayan gyaran masu rai, har robar da ke ƙarƙashin maɓallan fad ba a yar da ita.

Garin kuma ya sha wuya. An kai wa kasuwar hari a Fabrairun 2012 da kuma 2015, an hana safarar kifi na tsawon lokaci, aljihun matasa ya bushe. A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, a Satumban 2024 ambaliyar madatsar Alau ta cika shaguna da gidaje da laka. Sabon PS5 ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa tsohon ya ci gaba da aiki.

A Turai da Amurka sha'awa ce ke sa mutum ya farfaɗo da gem ɗin ƙuruciyarsa. Namu masu gyaran larura ce ta koya musu, kuma a ganina sun fi cancantar yabo. Ya kamata gwamnatin Borno da Kwalejin Fasaha ta Ramat su nemo waɗannan matasa, su ƙara musu horo, su ba su takardar shaida da jarin kayan aiki.