Daga Kano zuwa Sakkwato: Tafiyar Ƙasa da Tafiyar Sama

Tsakanin filin jirgin sama na Kano da na Sakkwato mil 230 ne ko kusa da haka, wato kamar kilomita 370, idan an miƙe sak yadda tsuntsu ke tashi. Jirgi yakan ci wannan tazara cikin abin da bai cika awa ɗaya ba. Amma mutanen dā ba da mil suke auna hanya ba, da kwana suke ƙirga ta.

A cikin 1824 wani Bature mai suna Clapperton, wanda aka fi sani da Abdullahi, ya bar Kano a ƙarshen watan Fabrairu don ya ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bai shiga Sakkwato ba sai tsakiyar watan Maris, wajen mako uku ke nan yana bisa hanya. Ba nisa kaɗai ke cin kwanakin ba. Sai an nemi zango inda akwai rijiya, sai dabbobi sun huta, sai kuma an taru da yawa kafin a keta dajin Gundumi, inda ruwa ke wuya, ga kuma tsoron mahara.

Wannan nisa ya taɓa shiga cikin sha'anin sarauta. A farkon 1903 Sarkin Kano Aliyu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Yana can Turawa suka taso daga Zariya, suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Labari bai same shi ba sai yana kan hanyar komowa, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wazirinsa Ahmadu ya ci gaba da jama'a, ya gamu da rundunar Turawa a wajen Kwatarkwashi, nan ya rasu. Shi kuwa Aliyu bai sake hawa gadon Kano ba.

Bayan shekara 22, ran 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, su ne na farko da aka gani a birnin. A 1936 kuma aka fara jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Khartum da Kano. Sannu a hankali sauran manyan garuruwan Arewa suka sami nasu filayen, har Sakkwato, inda aka sa wa filin sunan Sarkin Musulmi Abubakar III.

Sai dai jirgin sama fili biyu kawai yake haɗawa, abin da ke tsakani ba ruwansa. Fatake da mahaya na dā sukan yada zango a ƙauyuka, su sayi hatsi da harawa, su bar labarin duniya. Jirgin da ya tashi daga Kano ya nufi Sakkwato kuwa yakan ratsa sararin ƙasar Katsina, arewa da Ƙanƙara, ba wanda ya sayar masa da ko ƙwarya ɗaya ta fura. Mutumin Damari ko Faskari ko Sabuwa da ke son hawansa sai ya fara neman motar da za ta kai shi Funtuwa, daga nan ya kama hanyar Kano. Kafin ya ga ƙofar filin, ya ci awoyin da za su ishi jirgin ya je Sakkwato ya komo, har ya sake komawa.