Kokawa kafin zuwan sikeli

Labaran baka na Kabi suna cewa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daularsa a Surame a ƙarni na 16, ya fara yin suna ne a fagen kokawa da dambe. A irin wannan fage ba a auna kowa. Da kaka, bayan an kai amfanin gona rumbu, makaɗa su saki kiɗa, saurayi ya fito ya zaɓi abokin karonsa da ido. Wannan al'ada ce ta shiga bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934.

Rashin sikeli shi ya raba salon 'yan kokawa. Ƙato yakan dogara da nauyinsa, ya riƙe, ya danne, kuma sau da yawa nasarar wuri takan hana shi koyon dabara. Siriri ba shi da wannan gata. Tun yana yaro ƙasa yake sha, don haka dole ya koyi shiga ƙarƙashi, da kamun ƙafa, da taɗiya, da jiran lokacin da ƙato zai matso da nauyinsa gaba. A ganina, shi ya sa 'yan kallo suka fi tashi tsaye idan ƙarami ya yi kaye.

Amurka ta maimaita darasin a 1993. Gasar UFC ta farko ba ta da rukunin nauyi, kuma Royce Gracie na Brazil, mai kilo kusan 80, ya cinye ta. Sai a 1997 aka raba 'yan wasan rukuni-rukuni.