Daga Tiger Head Zuwa Fawa Bank: Tarihin Batir a Ƙasar Dutse

Yawancinmu a waya muke rubutu, a waya muke karatu, idan caji ya sauko ƙasa da kashi 10 kuma sai babin ya tsaya cak. Duk da haka ba kasafai muke tambayar inda wannan batir ya samo asali ba, ko abin da ke hana shi kamawa da wuta a aljihunmu. Shi za mu bi wa sawu a wannan mako.

A 1800 ne Alessandro Volta na Italiya ya jera fallayen tutiya da jan ƙarfe ya samu lantarki mai gudana. A 1866 Georges Leclanché na Faransa ya haɗa nasa, wanda daga baya aka daskarar da ruwan cikinsa ya zama busasshen batir mai bolt 1.5, irin wanda iyayenmu ke saya a kan tebur. Amma abin da ya kai shi ƙauyukanmu shi ne transista. Rediyon da ya gabace ta mai cin wuta ne, ita kuwa da ta shigo kasuwa a 1954 sai ya zama 'yan batura kaɗan kan riƙe rediyo makonni. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Manomi a Kiyawa ko Jahun ya riƙa jin labarin duniya tun kafin a kafa turken lantarki a garinsu.

A wancan zamani mutum ne mai tattalin batir da kansa. Maigida kan rage murya, ya kashe rediyo da zarar an gama labarai. Idan Tiger Head ya fara sanyi sai a shanya shi a rana, wasu ma har su ɗan bubbuga shi. Dabarar ba ta banza ba ce, domin ɗumi na hanzarta aikin sinadaran ciki, sai dai ba ya mayar da abin da ya riga ya ƙare. Wanda ya gaza a rikoda, mai injin juya kaset, a mayar da shi rediyo. Wanda ya gaza a rediyo, a ba tocila. Mai hali kuma ya jona talabijin da batirin mota mai bolt 12, ya riƙa kai shi caji gari.

Shekarar 1991 ta haɗa abubuwa biyu da ba su san da juna ba. A ranar 27 ga Agusta gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama hedikwata. A shekarar kuma kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam mai karɓar caji, aikin da ya sa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino suka samu kyautar Nobel a 2019. Bayan shekara goma, a 2001, wayar GSM ta shigo Najeriya, ba da jimawa ba kuma litiyam ya mamaye wayoyin.

Wannan sabon batir ya fi na da ƙarfi da sauƙin ɗauka, amma ba ya yafe kuskure. Cikarsa bolt 4.2 ce; idan aka zarce, zai iya kumbura ko ya kama da wuta. Idan aka tatse shi ƙasa da kimanin bolt 3, ya fara lalacewa. Shi ya sa aka ɗora masa masu gadi. A kan batirin akwai 'yar ƙaramar da'irar lantarki da ke yanke wuta idan ta yi yawa ko wayoyi suka haɗu. A cikin wayar kuma akwai wani ɗan guntu da ke tsara caji: ya tura wuta da ƙarfi da farko, ya riƙa sassautawa idan an kusa cika. Wannan ne dalilin da kashi 80 na farko ke saurin hawa, ragowar ya yi ta jan ƙafa. Shi ne kuma ke raba wuta ga allo da sauran sassa, ya kwantar da wanda ba ya aiki. Tattalin da maigida ke yi da hannu ya koma cikin abin da bai kai farce girma ba.

Sai dai waɗanda suka tsara shi sun ɗauka akwai soket mai wuta kowane dare. A nan kuwa, daga NEPA zuwa PHCN zuwa KEDCO da ta karɓi rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, kowa ya san halin da ake ciki. Sai muka ƙirƙiro namu tsarin: shagon mai caji da ɗan janareta, allon soket jere da wayoyi, lamba ɗaya a jikin waya ɗaya a hannun mai ita. Wanda ya je kasuwar Shuwarin kan fara ajiye waya wurin caji kafin ya shiga ciniki. Batirin Nokia BL-5C ya bar waya ya shiga ƙananan rediyo masu memori. Tecno da itel sun ci kasuwarmu da babban batir da layi biyu. Daga baya fawa bank da farantin sola suka zo.

Akwai abin da mai gadin ba zai iya ba. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana tsofar da litiyam da wuri, don haka shanya batir a rana, da ta taimaki Tiger Head, ga wannan guba ce. Jabun caja da wutar janareta mai hawa da sauka kan ƙona sashen caji. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya saboda batura na kamawa da wuta. Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi, kada a huda shi. Wanda littafinsa ke cikin waya ɗaya tak, ya ajiye kwafi a imel tun yau.

Ga masu ƙirƙirar labari kuma, batir ma'aunin zamani ne. Budurwar 1985 a Garu ba ta jiran caji, tana jiran a sayo batir ne a ji kaset ɗin da aka aiko daga Makka. Saurayin 2005 yana cire batir ya ba mai caji, ya koma gida da gangar waya. Idan muka saka wa kowanne abin da ke hannunsa a lokacinsa, mai karatu zai yarda da sauran labarin.

Wa ya tuna shagon caji na farko a unguwarsu, kuma nawa ake biya? A rubuto mana a ƙasa, mu tattara kafin a manta.