Sautin da ke zubewa a hanya: daga kaset zuwa katin waya

A hutun sallar da ta gabata na kwashe faya-fayan bidiyon gidanmu da ke Kurfi, guda arba'in da 'yan kai, na kai su wani shagon tura fina-finai a Dutsin-Ma domin a mayar mini da su cikin kwamfuta. Mai shagon ya gama kafin la'asar, yana alfaharin cewa duka sun shiga ƙaramin filashi guda. Da na kunna su da dare, hoton bai yi muni ba, amma sautin ya koma kamar na mai magana daga cikin rijiya. Ban ga laifinsa ba. Abin da kasuwa ta koya masa ya yi, kasuwar kuma tana da tarihinta.

Fim ɗin Hausa na kasuwa ya fara ne da kaset. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a kaset ɗin VHS ya zagaya gari, kuma daga kasuwar Ƙofar Wambai ake sarin irin waɗannan kaset ɗin zuwa garuruwa irin namu. Shi kaset, duk kwafin da aka ɗauka daga wani kwafin sai ya ƙara shuwa a sauti. Wanda ya iso ƙauye sau da yawa jikan jikan na asali ne.

Faifan VCD, wanda aka fitar da tsarinsa a 1993, ya magance wannan, domin kwafin lamba ba ya raguwa idan an ɗauke shi yadda yake. Sautinsa hanya biyu ce, dama da hagu, a kan kilobit 224 cikin daƙiƙa. DVD kuwa, da ya fara shiga kasuwa a Japan a 1996, ya zo da sautin da ke kewaye mai kallo, wanda ake rubutawa 5.1: lasifika uku a gaba, biyu a gefe ko baya, sai guda ta musamman don rugugi. Dolby Digital ya shiga silima da Batman Returns a 1992, DTS ya biyo baya da Jurassic Park a 1993. A kan DVD, na farkon yana kaiwa kilobit 448, na biyun kusan 1,500.

Sai dai a faɗi gaskiya: akasarin fina-finanmu ba a haɗa su da hanya shida ba tun farko. Waƙoƙin zamanin Sangaya da fiyano Yamaha aka buga su a ƙananan situdiyo, hanya biyu ce iyakarsu. Masu hanya shidan fina-finan Indiya ne da na Amurka, su ma ba safai suke isowa da ita ba, domin 'yan satar fasaha kan cusa fim goma ko ashirin cikin faifan da aka yi don ɗaya. Idan wuri ya yi ƙunci, sauti ake fara yankawa, saboda ido ya fi kunne saurin ƙorafi.

Babbar asarar ta zo ne da waya. Lokacin da masu turawa suka maye gurbin masu sayar da faifai, tsarin da ƙananan wayoyi ke karɓa shi ne 3GP, wanda sau da yawa ke ɗauke da sautin AMR. An ƙirƙiro AMR ne domin kiran waya: hanya ɗaya tak, kilobit 12.2 a ƙololuwarsa, kuma yana watsar da duk abin da ya haura kewayen muryar mutum. A ɗora kalangun Alhaji Mamman Shata a kan wannan ma'auni, a ji abin da zai saura. Shata ɗan Musawa ne, nan kusa da mu, ya rasu a 1999, kuma da yawa daga cikin matasan da suka san waƙoƙinsa a wannan matsattsen kwafi suka san su. Wanda bai taɓa jin faifan garmahonsa ba zai ɗauka haka kiɗan yake.

Abin da ke faruwa idan aka narkar da hanya shida zuwa biyu ya cancanci a tsaya a kansa. Maganar 'yan wasa tana zaune ne a lasifikar tsakiya. Da zarar an gauraya ta da sauran, sai kiɗa da ƙarar mota su danne ta, shi ya sa mai kallo ke ƙara murya a wurin hira, ya rage a wurin faɗa. Hanyar rugugin kuwa yawanci jefar da ita ake yi gaba ɗaya. Kuma abin da aka zubar ba ya dawowa, ko da an sake mayar da fayil ɗin babba.

Maganin bai da tsada. Ko dai a ɗauki hoton faifan kacokan a tsarin ISO, ko a zuba abin da ke cikinsa a mazubin MKV ba tare da sake matsewa ba, aikin da manhajar MakeMKV ke yi. Mai amfani da HandBrake, idan ya rage nauyin hoto, yana iya umartar ta ta bar sautin ya wuce yadda yake. DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 ne, wato faifaina arba'in ba za su cika rabin hadis mai terabait ɗaya ba. Kaset kuwa a ɗauke shi a WAV ko FLAC, sannan a fitar da ƙaramin kwafi na waya daga wannan, a bar uwar a ajiye. (Ina magana ne a kan faifan da mutum ya mallaka. Sayar da kwafin aikin wani kuwa, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta hana.)

Dalilin gaggawa shi ne faifan da aka ƙona a shago ba ɗaya yake da na masana'anta ba. Bayanansa a kan wani siririn rini suke, zafi da hasken rana suna cin sa, zafin Afrilu a ƙasar Katsina kuwa ba sai an yi wa kowa bayani ba. A cikin nawa, shida sun riga sun ƙi buɗewa, har da na bikin yayata, inda muryar kakarmu take. Sauran na sake kwafarsu da kaina cikin makonni biyu, na ajiye hadis ɗaya a Katsina, ɗayan na bar shi a Kurfi.