Daga Cigiya Zuwa Kwanar Dawaki

A Gwadangaji, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu, wanda ya yi tsintuwa ya san abin yi tun kaka da kakanni: ya kai wa mai unguwa ko liman, a yi cigiya. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan masarautar suka daɗe suna hukunci da shi ya ba cigiyar shekara guda, a ƙofar masallaci da cikin kasuwa. In mai kaya bai ɓullo ba, mai tsintuwa na iya sadakar da su da sunan mai kayan, amma da sharaɗi mai nauyi: ranar da ya zo, a biya shi. Gadon da ba magaji kuwa baitulmali yake tafiya.

Kotunan Amurka ma sun yi karo da wannan tambaya ta dukiyar da ba a ga mai ita ba. Dubban mutane kan haɗu su kai kamfani ƙara ɗaya, a sasanta, a ware diyya, sai da yawa su ƙi zuwa karɓa, ko a rasa inda suke. Ragowar sai alƙali ya ba wata ƙungiyar agaji da aikinta ya yi kusa da abin da aka yi ƙara a kai. Sunan dokar cy près, tsohon Faransanci ne mai nufin "mafi kusa". Wani lokaci ko rabon ba a gwadawa. A shari'ar Google da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kanta a 2019, dala miliyan 8.5 aka sasanta a kai da sunan mutum miliyan 129. Ƙungiyoyi shida da lauyoyi aka shirya su raba, jama'a ko sisi.

Misalin da ya fi kusa da gida a Kano yake. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996, Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a Asibitin Zana. Sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce sanadi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75: 35 na iyalai, 10 kuɗin shari'a, 30 na ayyukan lafiya.

Wannan 30 ɗin ba ragowa ba ce, tun farko aka yanke ta. Iyaye kuwa sai da aka sa su gwajin ƙwayar halitta, shekaru da dama bayan an binne 'ya'yansu, kafin a yarda su ne masu haƙƙi, abin da ko mai cigiyar akuya ba a yi masa. A watan Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Da kason lafiya aka gina cibiyar Kwanar Dawaki, wadda a 2020 aka mayar wurin killace masu korona.