Ina Takardun Kotun Alƙali Suke Shiga?



Da wuya ka karanta littafin zamantakewa guda biyar ba ka ci karo da kotu a uku ba. Aure ya yi tsami, mace ta kai ƙara, lauya ya miƙe yana ɗaga murya, alƙali ya buga guduma, kafin azahar an raba aure an kuma ba ta yara. Wannan kotun daga fim muka aro ta. Wadda ke raba aure a Kano tana da tsarinta da kalmominta, kuma ta fi shekara ɗari tana rubuta abin da ake faɗa a gabanta. Marubucin da ya san inda waɗannan rubuce-rubuce suke ya sami rumbun da kaɗan daga cikinmu suka taɓa leƙawa.

A Amurka jihohi da yawa suna da kotun iyali a matakin gunduma, mai neman takardar saki ya san ofishin da zai nufa. Mu a nan, aure da saki da gado da riƙon yara tsakanin Musulmi aikin kotun shari'ar Musulunci ne. Wanda ya hau Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi ya ga Babbar Kotun Tarayya da kotun majistare zai iya zaton ya iso. Bai iso ba, domin babu ɗayansu da ke sauraron ƙarar khul'i ko rabon tarika. Kafin ka tambayi wace kotu, sai ka fara tambayar wace shekara, saboda kotun alƙali ta sauya suna da uban gida fiye da sau ɗaya, takardunta kuma sun bi sawun sauyin.

Alƙalai sun daɗe a Kano kafin Turawa su ci garin a 1903, suna hukunci da littattafan mazhabar Malikiyya irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Abin da Turawa suka ƙara shi ne tilasta rajista. Dokar kotunan gargajiya ta 1900 da ta 1906 sun bar alƙali a kan buzunsa, amma Razdan da Di'o suna da ikon duba hukuncinsa, ba kuwa za a duba abin da ba a rubuta ba. Ga kuma kuɗi: kuɗin ƙara da tara da ushirar gado duk baitulmali suke shiga, sai da lissafi. Watau ba don a adana tarihi aka fara ajiye littafin kotu ba, don sa ido ne da ƙirga kuɗi. Duk da haka mu ne muka ci ribar abin.

Rubutun wancan zamani da Larabci yake, kuma a taƙaice: wance ta yi ƙarar wane, ya amsa ko ya musa, shaidu sun ce kaza, an hukunta kaza. Masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wasu shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya fitar da su a littafin Thus Ruled Emir Abbas a 1994. A ciki akwai rigimar gona da gida, da kisa, da sata, da bayi masu neman 'yanci. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn ma sun jingina da bayanan kotuna wajen nuna yadda bauta ta mutu a hankali a Arewa har zuwa dokar 1936, da yadda bayi mata da yawa suka fita ta hanyar fansa, wani lokaci mai son aurensu ne ke biya.

Wannan ne ya sa nake ganin takardun kotu sun fi tarihin sarauta amfani ga mai rubuta ƙagaggen labari. Tarihin sarauta zai gaya maka wanda ya hau da wanda aka tuɓe. Littafin alƙali kuwa shi ne kusan wuri ɗaya tilo da aka rubuta sunan talaka mace ta wancan lokaci tare da abin da take nema. Richard Roberts ya bi irin waɗannan takardu a ƙasar da yanzu ake kira Mali, ya tarar da cewa a farkon mulkin Faransa mata ne suka yi ta zuwa kotu neman rabuwa da mazajensu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta ba da labarin zuwa gaban alƙali don kashe aure a matsayin abin da matan zamaninta suka saba da shi. Duk wanda ke rubuta kakarsa a matsayin baiwar Allah da ba ta san hanyar kotu ba, ya ɗan dakata.

A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A 1960 dokar Penal Code ta karɓe hukuncin laifuffuka, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a mai kula da aure da gado da makamantansu, inda Shehu Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. Babbar girgiza ta zo bayan ƙirƙiro jihohi a 1967. Daga Afrilun 1968 aka raba kotuna da En'e, aka rushe kotunan sarakuna, kotun alƙali ta koma kotun yanki a hannun gwamnatin jiha. A 1991 Jigawa ta fita daga Kano, don haka shari'ar da aka yi a Haɗeja ko Gumel ko Kazaure, can za a fara nemanta. A 2000 kuma kotunan yanki suka koma kotunan shari'ar Musulunci. A tsakanin waɗannan shekaru harshen rajista ya karkata daga Larabci zuwa Hausar boko, abin da ya sauƙaƙa wa irinmu.

To ina za a nufa? Idan zamanin Turawa kake nema, ka fara da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take. Daga nan sai Kaduna. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana can, da fayilolin ofishin Razdan na Kano da ake wa laƙabi da KANOPROF, da na sakatariyar Arewa masu alamar SNP. A irinsu ake samun rahoton shekara-shekara kan kotuna da wasiƙun da suka shafi shari'o'in da aka sake dubawa. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970, shi ma yana Kaduna. Ka tafi da katin shaida da takardar gabatarwa daga ƙungiyarka ko makarantarka, idan kuma Larabcinka bai nuna ba ka nemi malamin da ya iya karanta rubutun hannu irin na da.

Idan shari'ar ta baya-bayan nan ce, wurin rajistaran kotun da ta yi hukuncin za ka. Ana rubuta takardar neman kwafi, a sa sunan mai ƙara da wanda aka yi ƙara, da lambar ƙara, da shekara. Lambar nan ita ce mabuɗi. Sau da yawa tana jikin tsohon sammaci ko rasit ko takardar saki da ke ƙasan adakar wata gwaggo, ka fara bincike daga gida. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce jami'in da ke riƙe da takardar hukuma zai ba wanda ke da haƙƙin dubanta kwafi idan ya biya kuɗin da aka ƙayyade, da sa hannu da kwanan wata da hatimi. Shi ne abin da ma'aikatan kotu ke kira CTC. Ka biya a karɓi rasit. Idan an taɓa ɗaukaka ƙarar, ka yi sa'a, domin sai an kwafe zaman gaba ɗaya kafin a tura sama, ke nan akwai kwafi na biyu a kotun da ta saurari ɗaukakawar.

Amma a lura da kalmar "haƙƙi". Wanda aka yi shari'ar da shi, ko magajinsa, ko lauyansa, hanyarsa a buɗe take. Marubuci bare ne. Rajistara na iya hana shi fayil ɗin wasu, kuma ni ban ga laifinsa ba, musamman inda akwai yara ko zancen shimfiɗa. Abin da ya fi shi ne ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka a rubuce, ka nemi izinin duba tsofaffin littattafan zama maimakon fayil ɗin wani gida takamaimai. In an ƙi, zaman kotu a buɗe yake ga jama'a sai inda alƙali ya sallami mutane. Ka zauna a benci na baya na mako guda, za ka ji yadda ake ɗage zama don a nemo waliyyi, da yadda alƙali ke tura ma'aurata sulhu kafin ya taɓa igiya, da yadda ake jayayya kan ko akwatin lefe yana cikin abin da za a mayar a khul'i.

Can ne kuma za ka gyara fiƙihun labarinka. A Malikiyya uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. Idan uwar ta auri bare, riƙon kan koma hannun mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba, ciyarwa kuwa tana wuyan uban a kowane hali. Matar mamaci tumuni take samu idan ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba, in su huɗu ne kuma wannan kason za su raba. Littattafai nawa muka karanta da alƙali ya miƙa wa uba jaririya don kawai shi ne mai kuɗi?

Abin da ka samo amana ne. Kano da girmanta ƙaramin gari ce idan ana zancen dangi, jikokin matar da ta nemi saki a 1972 suna nan, wataƙila a Tarauni suke karanta littafinka a waya. Sauya suna kaɗai ba ya isa. Ka sauya unguwa da sana'ar miji da yawan 'ya'ya, ka haɗa shari'a biyu ko uku su zama ɗaya, kada kuma ka ɗora hoton shafin rajista a intanet da sunayen mutane a jiki. Ga mai son zuwa, ya tafi da fensir da littafin rubutu, ya tambaya kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, kuma ya yi hanzari wajen tsofaffin magatakarda da masinjojin kotu da suka yi ritaya, domin sau da yawa su ne kaɗai suka san ɗakin da aka zuba littattafan kotun yanki lokacin da aka sauya allon ƙofa.